Nauyin da rufin mota mai fowil zai iya ɗauka, da iyakar abin da walda za ta ƙara masa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Agadas ya kalli yadda ake loda wa Land Cruiser da Hilux kaya kafin su kama hanyar Dirku da Bilma, ko ya ga tsofaffin Land Rover da har yau suke hawa da sauka a tsaunin Mambila, ya san cewa a wurin direban jeji rufin mota ɗaki ne na biyu. Can ake ɗora safayar taya da jarkokin mai da na ruwa da tampol da katifu, domin cikin motar na mutane ne. Shi ya sa da zarar mutum ya sayi mota mai fowil, wato wadda injinta ke jan tayoyi huɗu duka, wadda a Nijar ake kira kat-kat, abin da yake fara nema shi ne mai waldar da zai haɗa masa kariya, wato ƙarfen ɗora kaya da ake kafawa a saman rufi, kuma buƙatar kusan kullum ɗaya ce, wato a yi ta da ƙarfe mai kauri yadda za ta ɗauki duk abin da aka ɗora mata. To, a cikin abubuwan da ke ƙayyade nauyin da rufi zai ɗauka, ƙarfin kariyar shi ne mafi sauƙin samu, kuma shi ne wanda ba kasafai yake zama matsala ba.

Kowace mota tana zuwa da adadin da kamfanin da ya ƙera ta ya rubuta a littafin mai mota a matsayin iyakar nauyin da za a ɗora a rufinta tana tafiya. A mafi yawan motoci adadin yana tsakanin kilo 75 da kilo 100, amma akwai waɗanda suka yi nisa da haka ta ɓangarorin biyu. Suzuki Jimny da aka fitar a 2018, duk da sunan da ta yi wajen shiga jeji, kilo 30 kacal aka yarje mata. Sabuwar Land Rover Defender 110 an ba ta har kilo 168, ita kuwa Ineos Grenadier kilo 150. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne nauyin kariyar kanta yana cikin wannan lissafi. Idan an yarje wa motarka kilo 100, mai walda kuma ya haɗa maka kariya mai kilo 55, abin da ya rage maka kilo 45 ne, wato safayar taya ɗaya da gammonta na ƙarfe da ɗan abin da ba a rasa ba. Jarkar ƙarfe mai lita 20 cike da man gas takan kai kilo 21, ta ruwa kuma kusan 24, saboda haka jarka huɗu kaɗai sun isa su cinye rabon rufin da yawancin motoci suke da shi.

Akwai adadi na biyu, wanda shi ne na lokacin da mota take tsaye, kuma ya fi na farko nesa ba kusa ba. Defender ɗin da aka ambata tana ɗaukar kilo 300 a tsaye, Grenadier kuma 420. Wannan ne ya sa mutum biyu za su iya kwana a tantin da ake kafawa a saman mota ba tare da wani abu ya faru ba, alhali ba a yarda a yi tafiya da nauyinsu a can ba. Rikita waɗannan adadi biyu shi ne tushen yawancin kuskuren da ake yi. Mai walda zai hau kariyar da ya gama, ya kira yaransa uku su hau, su yi tsalle, sannan ya dubi mai mota ya ce, "Alhaji, ka gani da idonka, ko buhun siminti goma ka ɗora ba abin da zai same ta." Gaskiya ya faɗa game da motar da ke ajiye a bakin shagonsa, amma ba abin da gwajin nasa ya nuna game da motar da ke gudu a kan gargada.

Dalilin bambancin ba boyayye ba ne. Kayan da ke zaune lafiya a rufin mota suna danna shi da nauyinsu ne kawai, amma da zarar taya ta faɗa rami ko ta haye tudu da gudu, sai motar ta cilla kayan sama, su dawo su daki rufin da ƙarfin da ya ninka nauyinsu sau biyu ko fiye. Idan aka taka birki suna so su wuce gaba, idan aka sha kwana suna ja gefe, iska kuma tana shiga ƙarƙashinsu tana ɗaga su. A kan hanyar burji da ta yi gargada, wannan duka yana maimaituwa sau dubbai a cikin awa guda, kuma ƙarfe yana da hali irin na waya da ake lanƙwasawa ana miƙewa: ba ya karyewa a karon farko, sai ya gaji. Saboda haka ne kamfanin Rhino-Rack na Ostareliya, wanda sana'arsa ke nan, yake umartar masu amfani da yawancin kariyoyinsa su raba adadin da aka ba su da 1.5 idan za su sauka daga kwalta. Ma'ana, mai kilo 100 a kan titi ya koma mai kilo 66 a jeji, kuma a cikin 66 ɗin ne za a cire nauyin kariya. Wato a daidai wurin da aka fi buƙatar rufin, a nan ne rabonsa ya fi ƙanƙanta.

Na ga wannan gajiyar ƙarfe da idona a jikin wata tsohuwar Patrol da muka yi wa kariya a wurin wani mai walda. An yi ta da fayif mai kusurwa huɗu, mai kauri, ta yi kyau a ido, amma ƙafa huɗu kawai aka yi mata, kowace ta kama indararon da ke zagaye da rufin a wuri mai faɗin yatsa uku. Bayan tafiye-tafiye kaɗan a kan burji sai muka fara jin wani ƙas-ƙas a saman kan direba, daga baya damina ta zo ruwa ya riƙa ɗiga ta gefen gilashin gaba. Da aka sauke kariyar ba ko ƙwarzane a jikinta, amma a ƙarƙashin ƙafafun gaba indararon ya lotse, fenti ya ɗaɗe, ga wata siririyar tsaga kamar gashi ta bi layin da rufi ya haɗu da ginshiƙi, tsatsa har ta fara cin bakinta. Kariyar ta fi motar ƙarfi, sai motar ta biya. Fanalbita ya yi kwana biyu a kanta, kuma abin da ya karɓa ya fi kuɗin kariyar.

Wasu masu karatu sukan kawo hujjar cewa ai rufin motocin zamani an gina shi ya ɗauki nauyin motar gaba ɗaya idan ta kife, don haka kilo 200 wasa ne a wurinsa. Akwai gaskiya a farkon maganar. Dokar Amurka ta daɗe tana buƙatar rufi ya jure ƙarfin da ya kai nauyin motar sau ɗaya da rabi, kuma a 2009 aka ɗaga shi zuwa sau uku ga motocin da nauyinsu da cikakken lodi bai wuce kilo 2,722 ba. Sai dai a wannan gwaji ana danna kowane gefen rufin ne sau ɗaya tak, ana kuma yarda ya lotse har inci 5, domin abin da ake so a tabbatar shi ne kan fasinja zai tsira, ba wai motar za ta ƙara moruwa ba. Ƙarfin kuma yana cikin ginshiƙan da ke tsakanin tagogi da dogayen ƙarafan da ke gefen rufin, ba a cikin fallen da ke tsakiya ba, wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba a yawancin motoci.

Duk wannan kuwa ba shi ne babban dalilin da ya sa kamfanoni suke ƙanƙanta adadin ba. Babban dalilin shi ne kifewa, kuma a nan ne walda ba ta da abin cewa. Duk wanda ya taɓa kora jaki ya san dalilin da ya sa ake rataya mangala ta sauko gefe biyu maimakon a tula kayan a tsakiyar gadon baya, haka ma madugun da ke ɗaura wa raƙumi kantun gishiri a Bilma. Kowace mota tana da wani wuri da za a iya cewa a nan nauyinta ya taru, a kira shi cibiyar nauyi, kuma tsayin wannan wuri daga ƙasa, idan aka gwada shi da faɗin da ke tsakanin tayar dama da ta hagu, shi ne ke nuna saurin kifewarta. Hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka ta fara amfani da wannan ma'auni a 2001 wajen ba motoci maki: a raba faɗin tsakanin tayoyi da ninki biyu na tsayin cibiyar nauyi. Ƙananan motoci sukan samu tsakanin 1.3 da 1.5, jif-jif da a-kori-kura kuwa tsakanin 1.0 da 1.3, kuma gwargwadon ƙanƙantar adadin gwargwadon kusancin motar da kifewa.

A ɗauki misali da mota mai nauyin kilo 2,500, faɗin tsakanin tayoyinta mita 1.6, cibiyar nauyinta kuma tana santimita 75 daga ƙasa. Ma'auninta zai zama 1.07. Idan aka ɗora mata kilo 200 a tsayin mita 2.1, cibiyar nauyin za ta haura zuwa santimita 85, ma'aunin ya faɗo zuwa 0.94. Da kilo 300 sai ya koma 0.89. Santimita 10 ba komai ba ce a ido, kuma direba ba zai ji wani canji ba muddin yana tafiya miƙe a kan titi mai kyau, wanda shi ne abin da ke yaudarar mutane. Ranar da za a ji shi ita ce ranar da akuya ko yaro ya faɗo titi aka kauce da sauri aka dawo, ko tayar baya ta fashe ana gudu, ko aka ratsa gefen tudun rairayi tayoyin ƙasa suka nutse. Mujallar Teknikens Värld ta Suwidin, wadda ta shahara da gwajin kauce wa dabba a kan hanya, ta nuna a 2016 yadda sabuwar Hilux ta ɗaga tayoyin gefe ɗaya tana gudun kusan kilomita 60 a awa, ba kuma tare da an tula mata kaya a rufi ba. Na'urar da ke taka wa motocin zamani birki da kanta idan sun fara zamewa ita ma an saita ta ne bisa tsammanin cewa cibiyar nauyi tana inda kamfani ya bar ta.

Idan haka ne, me ya rage da mai mota zai iya yi? Da farko dai, hanya mafi arha ta samun ƙarin kilo ita ce rage nauyin kariyar. Fayif mai kusurwa huɗu na milimita 40 da kaurin milimita 3, wanda masu walda suke so saboda yana cika ido, kowace mita ɗaya tasa ta haura kilo 3, alhali na milimita 25 da kaurin 2 bai wuce kilo 1.4 ba, kuma idan an tsara shi da kyau ya wadatar da duk abin da rufin zai iya ɗauka. Dogon shingen da ake zagaye kariya da shi da tsani da wayar raga mai kauri duk nauyi ne da aka ɗora a wuri mafi muni. Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe, shi ya sa kariyoyin da kamfanoni irin su Front Runner na Afirka ta Kudu suke yi da shi sukan tsaya a wajen kilo 30 ko da sun rufe rufin duka. Amma alminiyam yana saurin tsagewa a bakin walda, don haka irin waɗannan kariyoyi da noti ake haɗa su, kuma ba kowane mai waldar bakin titi ne yake da kayan aikinsa ba.

Sai kuma raba nauyin, wanda shi ne aikin da gammo yake yi wa mai ɗaukar tulu. A motocin da ke da indararo, irin su Land Cruiser jerin 70 da ake ƙerawa tun 1984 da Patrol da tsohuwar Defender, ƙafa shida ko takwas sun fi huɗu, kuma mafi kyau shi ne a shimfiɗa dogon ƙarfe a cikin indararon daga gaba har baya, da roba a ƙarƙashinsa, ƙafafun su zauna a kansa. Ana so ƙafafun su faɗo daidai kan ginshiƙai ko kusa da su, ba a saman tsakiyar taga ba. Sababbin motoci ba su da indararo, amma a ƙarƙashin baƙar robar da ke bin tsawon rufin akwai ramukan noti da kamfani ya tanada a wuraren da ya ƙarfafa, kuma su ya kamata a yi amfani da su, dukkansu, ba biyu a kowane gefe ba. Huda rufi a wani wuri dabam abu ne da nake ganin a guje masa, domin ban da yoyo da tsatsa, a gefen rufin ne ake naɗe jakar iskar da ke kare kan fasinja, kuma bakin dirila ba ya ganin abin da ke bayan falle. Wannan duka yana hana rufi lalacewa a ƙarƙashin nauyin da aka yarje masa, yana kuma ƙara abin da zai ɗauka a tsaye, amma bai matsar da cibiyar nauyi ko da santimita ɗaya ba.

Hanyar da ta fi kowace ƙarfi ita ce a ɗauke nauyin daga kan rufin gaba ɗaya. Ana yin haka da kejin fayif da ke zagaye motar ta waje, ƙafafunsa su sauka har kan shasi, kariyar ta zauna a kansa. Da kejin fayif aka shirya motocin Land Rover na Camel Trophy, gasar tuƙi a jeji da aka yi daga 1980 zuwa 2000, kuma kamfanin Safety Devices na Ingila yana cikin waɗanda suka yi suna a wannan aiki. Kejin yana kare mutanen ciki idan an kife, wannan ba ƙaramin amfani ba ne, sai dai shi kansa nauyi ne mai yawa da rabinsa yake sama, saboda haka yana ƙara yiwuwar abin da yake karewa. Akwai kuma wata matsala ga motocin da jikinsu yake zaune a kan shasi bisa robobi: jiki da shasi ba sa motsi tare, kuma idan aka ɗaure keji da su biyun ƙam-ƙam, wani wuri zai tsage. Wannan ne kuskuren da ake yawan gani a jikin Hilux, inda ake haɗa kariya guda tun daga saman kan direba har bayan bodi. A kan hanya marar kyau shasi yana murɗewa, kan mota ya karkata dama bodi ya karkata hagu, kariyar kuma tana tsakiya tana fizgar kowannensu. Daidai shi ne kariyar bodi ta tsaya da ƙafafunta a kan bodi, idan ta miƙo saman kan motar ta wuce ba tare da ta taɓa shi ba. Kejin da ake sawa a ciki kuwa na motocin tsere ne da direbobinsu ke sa hular kwano, domin fayif ɗin da ke kusa da kan da ba hula shi ma makami ne a lokacin haɗari.

Batun sifirin da shokazoba yana buƙatar a yi masa adalci. Sifirin mai tauri da shokazoba mai kyau suna rage tangaɗin da mota mai kaya a sama take yi, kuma suna sa ta fi biyayya ga sitiyari, don haka duk wanda zai riƙa tafiya da cikakken lodi ya kamata ya duba su. Amma yawancin waɗanda ake sayarwa suna ɗaga motar da santimita 5 ko fiye, manyan tayoyi su ƙara nasu, sai a wayi gari an ɗaga cibiyar nauyin motar gaba ɗaya kafin ma a ɗora komai. A Ostareliya, inda hukuma take amincewa da ƙara jimillar nauyin da mota za ta ɗauka bayan an canza mata waɗannan kaya an kuma gwada ta, takardar da ake bayarwa ba ta taɓa adadin rufi, yana nan yadda kamfani ya rubuta. Faifan da ake sawa a bayan taya don a faɗaɗa tsakanin tayoyi yana ɗan gyara ma'aunin kifewa a lissafi, amma yana cin boris, kuma a wasu ƙasashe haramun ne a kan titi.

A ganina, mafi yawan masu neman ƙarin ƙarfin rufi wuri suke nema, kuma wurin yana samuwa a ƙasa. Tankin mai na biyu ko babban tanki da ake sawa a ƙarƙashin mota yana sauke jarka huɗu ko biyar daga sama zuwa inda nauyinsu zai ƙara wa motar zama. Ruwa yana iya kwanciya a tanki mai faɗi a bayan kujeru, safayar taya ta biyu ta koma kan marfi mai lilo a bayan mota, akwatin kayan aiki da jak su zauna a daɓen mota tsakanin tayoyin gaba da na baya. Idan kayan sun fi haka, ƙaramar tirelar da ake ja ta fi kowace irin kariya. Abin da zai hau sama shi ne mai cika wuri marar nauyi, kamar katifa da tabarma da tanti da kujerun naɗewa da jarkokin da aka riga aka juye. Idan dole ta sa an ɗora mai a sama a farkon tafiya, shi za a fara juyewa a tanki da zarar an samu wuri.

Wanda ya ɗora kuma ya auna, kada ya yi kintace, domin sikelin da ake auna buhun hatsi ya isa a gwada kaya ɗaya bayan ɗaya kafin su hau. A kwantar da su, mafi nauyi a tsakiya tsakanin ginshiƙai, a ɗaure da bel mai ƙugiya maimakon igiyar roba da ke saki, a rage gudu musamman a kwana, a tuna cewa jami'an kiyaye haɗurra a Nijeriya suna kama mota a kan lodin da ya wuce ƙa'ida, kamfanin inshora kuma yana iya fakewa da shi ya ƙi biya. Bayan awa ɗaya ta farko a kan burji a tsaya a bi notunan ƙafafun kariya da sifana ɗaya bayan ɗaya, a shafa yatsa a ƙarƙashin kowace ƙafa. Idan yatsan ya fito da jan gari kamar na bulo, ko aka ga fenti ya fara tsagewa a wurin, ƙarfe yana goga ƙarfe ke nan, kuma sai a rage kayan tun a nan kafin a ci gaba.